Shin za a iya dogara da kwaikwayon kwamfuta wajen sanin yadda igiyoyin filasma ke watsa elektiron a ɗamarar Van Allen?

Ɗalibar Fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikin da zan kammala karatu da shi ya shafi ɗamarar Van Allen, wato yankuna biyun nan da maganaɗisun duniya ya tsare ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi a cikinsu, waɗanda aka gano a 1958 bayan Amurka ta harba tauraron Explorer 1. Na fahimci cewa ɗamarar waje ba ta zama a hali ɗaya, tana cika tana raguwa, kuma igiyoyin da ke tashi a cikin filasmar wurin (wato iskar gas mai ƙwayoyi masu cajin lantarki) suna da hannu a duka biyun.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake kwaikwayon wannan al'amari a kwamfuta. Na ga wasu masu bincike suna bin sawun ƙwayoyin elektiron ɗaya bayan ɗaya a cikin igiyar da su da kansu suka ƙayyade siffarta. Wasu kuma ba sa bin ko ƙwaya ɗaya, sai dai su warware lissafin bazuwa na tsawon watanni. Akwai kuma masu barin igiyar ta haifi kanta a cikin kwamfuta, amma a ɗan guntun wuri da ɗan guntun lokaci. Me ya hana a haɗa komai a kwaikwayo guda? Sannan lissafin bazuwar nan an gina shi ne a kan cewa igiyoyin raunana ne kuma a hargitse suke, alhali hotunan igiyar koras (ɗaya daga cikin igiyoyin filasmar, mai sauti kamar kukan tsuntsaye) da na gani suna nuna ta da ƙarfi, a tsare, guntu bayan guntu. Idan tushen bai dace da abin da ake gani ba, da wane dalili za a yarda da sakamakon? Ina neman ƙarin haske daga malamanmu.

Malamin Fiziks ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, tambayarki ta farko amsarta tana cikin lambobi, don haka bari mu fara da su.

Ƙwayar elektiron da ke tsare a ɗamarar waje tana motsi iri uku a lokaci guda. Tana kewaya layin maganaɗisu, tana kai da komo tsakanin arewa da kudu a kan wannan layin, sannan a hankali tana zagaya duniya ta fuskar gabas. A nisan da ya kai ninki 5 na rabin faɗin duniya daga tsakiyarta, ƙarfin maganaɗisu a kan ikweta bai fi nanotesla 250 ba, kuma a irin wannan ƙarfi ƙwayar da gudunta bai kusanci na haske ba tana kewaya layin kimanin sau 7,000 a daƙiƙa ɗaya. Kai da komon ƙwaya mai ƙarfin MeV 1 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne, elektiron-volt miliyan ɗaya) ba ya cika daƙiƙa guda, zagayen duniya kuwa yakan ɗauke ta minti goma da ɗoriya. Ita kuma guguwar maganaɗisu da muke son fahimta, wato hargitsin da abin da ke fitowa daga rana ke jawo wa maganaɗisun duniya, kwanaki take yi. Idan kika lissafa, a kwana ɗaya tak kewayen nan na farko ya haura sau miliyan 600, kuma kowane kewaye sai an raba shi gida-gida da yawa kafin kwamfuta ta bi shi daidai. Ta fuskar wuri ma haka abin yake, domin mafi ƙanƙantar tazarar da filasma mai sanyi ke buƙatar a kula da ita 'yan mitoci ce, alhali tsawon layin maganaɗisu guda ya kai dubban kilomitoci masu yawa. Babu kwamfutar da za ta ɗauki wannan kaya gaba ɗaya, shi ya sa aka raba aikin, kowane salo ya riƙe ɓangaren da ya iya.

Kafin a yi maganar salon, ya kamata a tuna abin da ake nufi da watsawa. Makomar ƙwayar tana rataye ne a kan kusurwar da ke tsakanin inda ta nufa da layin maganaɗisu lokacin da take ratsa ikweta. Idan kusurwar babba ce, ƙwayar za ta juyo tun tana nesa da duniya, ta ci gaba da kai da komonta. Idan kusurwar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, sai ta nutsa har ƙasa zuwa kimanin kilomita 100 daga doron ƙasa, ta yi karo da iska, shi ke nan ta fita daga ɗamarar. Wannan ƙofa ta zubewa matsattsiya ce, digiri 4 zuwa 5 kacal a tsakiyar ɗamarar waje. Aikin igiyar shi ne sauya wannan kusurwa, kuma ba kowace ƙwaya take iya taɓawa ba. Sai wadda gudunta ya sa, yayin da take fuskantar igiyar, ta ga filin lantarkin igiyar yana juyawa daidai da saurin da ita kanta take kewayawa. A wannan ɗan lokaci na daidaituwa turin igiyar ba ya soke kansa, taruwa yake yi, sai kusurwa ta sauya, ƙarfin ƙwayar ma ya ƙaru ko ya ragu.

Kennel da Engelmann ne suka tsara ka'idar bazuwar a 1966, kuma a shekarar ce Kennel da Petschek suka yi amfani da wannan tunani a kan ɗamarar. Hujjarsu ita ce, idan kowace haɗuwa da igiya ƙaramin turi take bayarwa, kuma turin yau ba shi da alaƙa da na jiya, to ba sai an bi kowace ƙwaya ba. Ya isa a san saurin da taron ƙwayoyin ke bazuwa a kusurwa da ƙarfi, a saka shi cikin ƙa'idar lissafi ta Fokker da Planck, a bar kwamfuta ta tura lokaci gaba. Babbar nasarar farko ta zo a 1973, lokacin da Lyons da Thorne suka nuna cewa igiyar his, wadda ke cika yankin filasma mai kauri na kusa da duniya, ta isa ta bayyana dalilin da ya sa aka sami fili kusan fayau tsakanin ɗamarar ciki da ta waje. Manhajojin da ake aiki da su yau, irin su VERB, da BAS-RBM na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, da Salammbô na hukumar ONERA ta Faransa, duk a kan wannan harsashi suke.

Salon da ke barin igiya ta haifi kanta shi ne wanda ake kira PIC, gajarcen "particle-in-cell", wato ƙwaya a cikin gidan raga. Ana shimfiɗa ragar lissafi, a zuba miliyoyin ƙwayoyi waɗanda kowace ɗaya ke wakiltar ɗimbin elektiron na gaske, motsinsu ya samar da filin lantarki da na maganaɗisu bisa ƙa'idojin Maxwell, filayen kuma su dawo su tura ƙwayoyin. Da irin wannan hanya ce Katoh da Omura a Japan suka fitar da guntayen koras masu hawan murya a cikin kwamfuta a 2007, ba tare da sun rubuta siffar igiyar da hannunsu ba. Tsadarsa ce ta sa ake taƙaita shi, har sau da yawa akan gajarta layin maganaɗisun fiye da yadda yake a zahiri domin lissafin ya ƙare a kan lokaci. Tambayarki ta biyu kuwa na bar wa waɗanda hannunsu ke cikin aikin.

Mai Rubuta Manhaja ya rubuta:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni ina ganin shakkar 'yar'uwarmu tana kan hanya, kuma abin farin ciki shi ne za ta iya gwada ta da kanta a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, domin kwaikwayon ƙwayoyin gwaji ba ya buƙatar babbar na'ura.

Ga yadda aikin yake a kusa. Za ki rubuta maganaɗisun duniya a siffarsa mafi sauƙi, ki ɗora masa igiya guda mai bin layin, wadda kika zaɓar wa ƙarfi da yawan kaɗawa, misali kashi 30 cikin 100 na saurin kewayen elektiron a ikweta. Sai ki jera ƙwayoyi dubu da yawa masu ƙarfi ɗaya da kusurwa ɗaya, abin da ya bambanta su kawai shi ne inda kowace take a cikin kewayenta lokacin da aka sake ta. Wajen tura su gaba, yawancin mutane suna amfani da hanyar da Jay Boris ya kawo a 1970, saboda idan maganaɗisu ne kaɗai ke aiki, ba ta ƙara wa ƙwaya gudu ba ta rage mata, komai tsawon lissafin. Gwajin farko da ya wajaba shi ne ki kashe igiyar gaba ɗaya, ki tabbatar ƙwayar tana kai da komo tana dawowa ikweta da kusurwar da ta tafi da ita. Idan kusurwar tana zamewa babu igiya, to watsawar da za ki gani daga baya ta lissafinki ce, ba ta filasma ba, kuma sai an ƙanƙanta takun lokaci.

Bayan haka ki kunna igiyar da rauni, kamar pikotesla 10. Za ki ga ƙwayoyin sun ratsa wurin daidaituwa sun fito, wasu kusurwarsu ta ɗan ƙaru, wasu ta ɗan ragu, zanen ya buɗe dama da hagu daidai wa daida. Wannan bazuwa ce sak, kuma Xin Tao da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa a raunanan igiyoyi masu faɗin zango, wato masu haɗa saurin kaɗawa iri-iri, sakamakon ƙwayoyin gwaji yana dacewa da ka'idar. To sai ki ɗaga ƙarfin ninki ɗari, zuwa nanotesla 1, ki sake kallo. Zanen ba zai ƙara zama daidai wa daida ba. Mafi yawan ƙwayoyin za su karkata gefe guda, kusurwarsu da ƙarfinsu su ɗan ragu tare, sannan wasu 'yan kaɗan su yi tsalle mai nisa zuwa ɗaya gefen, da babbar kusurwa da ƙarin ƙarfi mai yawa. Waɗannan kaɗan ɗin igiyar ce ta kama su, ta riƙe su cikin daidaituwa tsawon tafiya. Bambancin kamar na mutum biyu ne a cikin cunkoson kasuwa, ɗaya ana ta bangazarsa nan da can yana gusawa kaɗan-kaɗan ba tare da alƙibla ba, ɗayan kuma wani ya riƙe hannunsa ya ja shi har ƙarshen layi. Lissafin bazuwa na farkon kaɗai ya sani. Jay Albert ya fayyace waɗannan halaye a 2002, kuma abin da ke raba su shi ne gasa tsakanin ƙarfin igiyar da saurin sauyawar maganaɗisu a kan layin. Kusa da ikweta maganaɗisun ba ya sauyawa da sauri, don haka a nan kamun ya fi sauƙi, kuma a nan ne koras ɗin ke tashi.

Irin waɗannan igiyoyi ba ƙirƙirar kwamfuta ba ce. A 2008 Cynthia Cattell da tawagarta suka ba da rahoton igiyoyi masu ƙarfin fiye da milivolt 200 a kowace mita, waɗanda tauraron STEREO ya auna yayin ratsa ɗamarar. Akwai kuma zubowar elektiron ta farat ɗaya, wadda ba ta cika daƙiƙa guda, da tauraron SAMPEX ya sha gani daga kusa da duniya a shekarun aikinsa. Abin da ya faru ya ƙare kafin ƙwaya ta gama kai da komo ɗaya ba zai fito a lissafin da ya riga ya ɗauki matsakaicin kai da komon ba. Ra'ayina shi ne duk mai neman sanin abin da ke faruwa cikin daƙiƙoƙi bai kamata ya nemi amsa a wurin manhajar bazuwa ba.

Ɗalibar Fiziks ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, kuma zan gwada wannan tsari. Sai dai bayaninka ya ƙara ƙarfafa shakkata. Idan igiyoyi masu ƙarfi suna nan da gaske, kuma suna yin abin da bazuwa ba ta sani ba, yaya aka yi manhajojin bazuwa suke fitar da sakamakon da ya yi kusa da abin da taurari ke aunawa? Ko dai ana daidaita lambobin ne har sai sun dace?

Mai Nazarin Yanayin Samaniya ta rubuta:

'Yar'uwa, wannan tambaya ita ce masu fannin suka shafe shekaru suna muhawara a kanta, kuma ba na ganin an rufe ta. Amma akwai bayani mai ƙarfi, kuma ya fito ne daga duba igiyar da kyau.

Igiyar da ɗan'uwanmu ya kwatanta a gwajinsa doguwa ce, santala, ba ta yankewa. Koras ta gaske ba haka take ba. Kowane guntu nata da ke ɗaukar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, idan aka buɗe shi, za a tarar ya kasu ƙananan ƙunshi, ƙarfin yana hawa yana sauka, kuma tsakanin ƙunshi da ƙunshi kaɗawar takan yi tsalle. Nazarin bayanan Van Allen Probes, taurari biyun da aka harba a watan Agusta na 2012 suka yi aiki har 2019, tare da na taurarin bincike na THEMIS, ya nuna cewa mafi yawan ƙunshin masu ƙarfi gajeru ne. Da aka saka irin wannan igiya mai yanke-yanke a kwaikwayon ƙwayoyin gwaji, sai aka ga ƙwayar da aka kama ba ta daɗewa take kuɓucewa, tsallen nata ya ragu sosai, kuma idan an tara haɗuwa da yawa sakamakon yana komawa kusa da bazuwa. Wato ka'idar 1966 tana iya ba da amsa mai kyau a tsawon sa'o'i da kwanaki ko da sharuɗɗan da aka gina ta a kai ba su cika ba a kowace daƙiƙa. Wannan ne ya sa nake ganin salo ukun nan ba kishiyoyin juna ba ne. PIC yana gaya mana siffar igiyar da dalilin tashinta, ƙwayoyin gwaji suna auna inda bazuwa ta tsaya da inda ta gaza, manhajar bazuwa kuma ita kaɗai ke iya ɗaukar guguwa sukutum.

Game da zargin daidaita lambobi, ki duba guguwar 8 zuwa 9 ga Oktoba 2012. Reeves da abokansa sun nuna daga awon Van Allen Probes cewa ƙwayoyin sun sami ƙarfinsu ne a tsakiyar ɗamarar, ba daga waje aka turo su ba. Thorne da tawagarsa kuma suka saka ƙarfin koras da kaurin filasma na wannan lokaci a lissafin bazuwa, suka sami hauhawar elektiron masu MeV da yawa a cikin sa'o'in da aka gan ta. Ƙarfin igiyar a sassan da taurarin biyu ba su kai ba an ciro shi ne daga zubowar elektiron da taurarin yanayi na POES suka auna a kusa da duniya, ba daga amsar da ake nema ba.

Inda ni nake ganin rauni ya fi yawa shi ne abin da ake ciyar da manhajar da shi. Tauraro yana auna igiya ne a inda yake kawai, ita kuwa ƙwaya tana zagaya duniya tana haɗuwa da koras a ɓangaren asuba, da his idan ta shiga filasma mai kauri, da wata igiyar filasma da ake kira EMIC wadda ta fi ɗibar masu MeV da yawa. Galibi ana cike gurbin da matsakaicin awon shekaru, alhali kowace guguwa da halinta. Kaurin filasma mai sanyi shi ma yana sauya ƙarfin ƙwayar da za ta daidaita da igiya, kuma kuskure kaɗan a cikinsa yana kai sakamako wani wuri dabam. Ga kuma asarar da ba ruwanta da watsawa, lokacin da iskar rana ta matse maganaɗisun duniya har ƙwayoyi suka fice ta gefen da ke fuskantar rana. Binciken Reeves na 2003 a kan guguwa 276 ya samu cewa kusan rabinsu ne suka ƙara yawan elektiron masu ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin biyar suka rage shi, sauran kuma suka bar shi kusan yadda yake. Ƙari da ragi suna aiki tare, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu ne ake ƙoƙarin hasashe, abin da ke buƙatar kowane ɓangare ya fito daidai.

Malamin Fiziks ya rubuta:

Ina goyon bayan Malama a kan batun abin da ake ciyar da manhaja, kuma zan ƙara abu guda domin ɗalibarmu ta saka a aikinta. Shekaru da dama watsawar nan a lissafi da kwaikwayo kawai aka san ta, domin ƙofar zubewar ta fi ƙanƙanta a kan abin da na'urorin wancan lokaci za su iya rarrabewa. Tauraron Arase na Japan, wanda aka harba a watan Disamba na 2016, ya zo da na'ura mai kaifin gani, kuma a ranar 27 ga Maris 2017 ya ga elektiron suna cika ƙofar suna barinta daidai da tashi da lafawar koras, yayin da kyamarorin ƙasa a Kanada, kusa da gindin wannan layin maganaɗisu, suke ɗaukar hasken arora, wato hasken da ke bayyana a sararin sama a yankunan arewa mai nisa, mai kunnuwa da mutuwa. Kasahara da abokansa suka wallafa wannan a 2018.

Ki kuma bayyana wa masu duba aikinki dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a kan wannan. Taurarin GPS suna tafiya a nisan kimanin kilomita 20,200, cikin ɗamarar waje, taurarin sadarwa irin su NigComSat-1R na Nijeriya kuma suna a kilomita 35,786, a gefenta na waje. Elektiron masu ƙarfin MeV suna ratsa bangon tauraro su taru a cikin kayan da ba sa wuce da lantarki, har caji ya yi yawa ya fashe cikin na'urorin, kuma irin wannan ne aka danganta wa matsalar taurarin Anik E1 da E2 na Kanada a watan Janairu na 1994. Idan za ki yi gwajin da ɗan'uwanmu ya tsara, ki yi shi sau biyu, da igiya santala da kuma igiya mai yanke-yanke, ki ajiye zanen biyun gefe da gefe a babi ɗaya.